Yadda Ake Duba Fili Daga Sama Kafin A Zuba Kuɗi A Cikinsa

Shekarun baya kawuna ya kama hayar fili a bakin kogin Ogun, can bayan Mile 12 a Legas. A watan Janairu ya je ya gani: ƙasa baƙa wuluk, a shimfiɗe kamar tabarma, ga ruwa kusa. Ya biya kuɗin shekara biyu, ya yanka komaye, ya zuba latas da albasa mai lawashi da alayyafo. Rani ya yi masa kyau ƙwarai. Da Oktoba ta kama, aka saki ruwan madatsar Oyan kamar yadda akan yi idan ta cika, sai da kwalekwale aka shiga aka ciro injin ban-ruwansa. Na same shi zaune a kan buhunan taki da suka jiƙe, ya ce mini, "Ɗana, filin nan fa da idona na gan shi." Na ce, "Haka ne Kawu, amma rana ɗaya ka gan shi."

Tun daga nan nake zama da 'yan lambunmu na Iyana-Iba da Ikorodu da hanyar Badagry, ina nuna musu cewa akwai idon tauraron ɗan'adam da ya shekara goma yana kallon filin da za su kama, kuma hotunansa kyauta ne. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta ko da tsohuwa ce, data, wayar da ke da GPS, da fartanya. Manhajoji uku za ka fara nema: Google Earth Pro, QGIS ta zana taswira, sai shafin hotunan tauraro na Copernicus Browser wanda rajista kawai yake so. Babu wanda ake biya a cikinsu.

Fara da shata iyaka

Ka taka filin da ƙafa, wayarka a hannu, kana ɗaukar lambar GPS a kowace kusurwa. Ka ɗan tsaya minti ɗaya a kowane wuri kafin ka danna, domin waya kan yi kuskuren mita uku zuwa biyar, wani lokaci fiye idan kana ƙarƙashin itatuwa. Idan ka dawo gida ka zuba lambobin a Google Earth Pro, ka zagaye su da layi, ka adana. A QGIS kuma ka sa tsarin awo a kan UTM shiyya ta 31 ta arewa, lambarsa 32631. Legas duka a cikinta take, kuma da ita ne za ka samu awo da mita, ba da digiri ba.

Ka tambayi filin tarihinsa

A saman Google Earth Pro akwai alamar agogo. Danna ta, sai wani ɗan layi ya fito wanda za ka ja baya, shekara bayan shekara. Nan ne mutane ke riƙe baki. Na ga filin da ake tallarsa a matsayin tudu, da muka koma baya sai ga shi tafki ne, an cike shi da yashi. Na ga wanda tsohon juji ne, wanda kuwa ba na ba kowa shawara ya shuka ganyen da za a ci ɗanye a kansa. Ka lura da tsohuwar hanyar ruwa, ko da yanzu ta bushe. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ka rubuta ranar kowane hoto, tana ƙasan allo, don hoton Fabrairu da na Oktoba labari biyu ne daban.

Zaɓen hoton tauraro, inda Legas ke da wuyar sha'ani

Tauraron ɗan'adam da ya fi yi mana amfani shi ne Sentinel-2 na hukumar sararin samaniyar Turai. An harba na farko a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024, kuma tsakaninsu suna wucewa ta kan wuri guda kusan duk kwana 5, da hantsi. Kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne tsawo da faɗi. Ka yi lissafin da kanka: hekta ɗaya ɗigo 100 ce, fulotin Legas mai ƙafa 60 da 120 kuwa bai wuce ɗigo shida zuwa bakwai ba. Wato ba za ka ga komin lambu ɗaya ba, balle kan latas. Abin da za ka gani shi ne yanayin fili gaba ɗaya da abin da ke kewaye da shi. Idan kana son komawa can baya sosai, akwai Landsat na Amurka, wanda ke ɗaukar hoto tun 1972, ɗigon na yanzu mita 30, ana samunsa a shafin EarthExplorer. Mu ma muna da namu tarihin, hukumar sararin samaniyar Najeriya, NASRDA, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, amma don aikin yau da kullum na mai lambu, Sentinel-2 da Landsat su ne a buɗe ga kowa.

Wanda ya saba da sararin Katsina ko Sakkwato, inda ake wata da watanni babu ko ɗigon gajimare, zai sha mamaki a nan. Daga Afrilu zuwa Yuli sama a rufe take, Yuni ya fi kowane wata ruwa. Akan ɗan samu sauƙin ruwa a Agusta amma gajimaren yana nan, sannan ruwa ya dawo Satumba da Oktoba. Hotuna masu tsabta sun fi yawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a nan ma hazo kan shigo ya dusashe su.

Ga yadda nake yi. A Copernicus Browser na zagaye filin da ɗan abin da ke kewaye da shi, kamar kilomita biyu ta kowane gefe. Na zaɓi Sentinel-2 mataki na L2A, wanda aka riga aka rage masa dattin iska. Na ja ma'aunin gajimare zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari, sannan na bi kalanda rana-rana. Kada ka dogara da lambar nan kaɗai, domin ta babban yanki ce. Hoto na iya zama kashi 60 gajimare amma filinka a fili tas, wani kuma kashi 10 ne amma gajimaren a kan filinka ya zauna. Ka kula da inuwarsa ma, takan yi baƙi kamar ruwa. Ka nemi aƙalla hotuna uku a shekara: ɗaya da ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Nuwamba, ɗaya a tsakiyar rani, wajen Fabrairu, ɗaya kuma duk ranar da Allah ya ba ka sarari a cikin damina. Ka maimaita na shekara uku zuwa biyar. Yankin da ka zagaye kaɗai za ka sauke, don cikakken hoto kan kusan cinye giga guda na data.

Karanta tsiro

Kyamarar Sentinel-2 tana da tagogi 13, kowace da irin hasken da take kamawa. Biyu daga ciki su ne jarinmu: ta 4, mai kama jan haske, da ta 8, mai kama wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infirared na kusa. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, ya tunkuɗo infirared ɗin da ƙarfi. Idan ya fara ƙishirwa ko cuta, sai abin ya soma sauyawa, sau da yawa kafin mai gona ya ankara.

Fara da hoton launin aro, wanda shafin ya rubuta False color. A cikinsa duk tsiro ja yake fitowa. Daji mai duhu jawur, ciyawa da lambu ja mai haske, ruwa baƙi ko shuɗi, gine-gine toka-toka, yashi fari fat. Don idonka ya saba, ka fara duba wurin da ka sani. Ni nakan nuna wa mutane gandun dajin Lekki, mai hekta 78: jan tabo ne guda a tsakiyar tokar gidaje, ba mai ɓata shi.

Daga nan sai ma'aunin kore, NDVI. Lissafinsa ba wuya: ka cire taga ta 4 daga ta 8, ka raba da jimlarsu. Amsar tana tsakanin -1 da 1. Ruwa kan faɗo ƙasa da sifili. Ƙasa tsirara da gini daga sifili zuwa wajen 0.2. Ciyawa da shuka mai ratsi-ratsi daga 0.2 zuwa 0.5. Abin da ya haura 0.6 ganye ne mai kauri. Shafin yana yi maka lissafin da dannawa ɗaya, har ya zana maka yadda koren filin ya hau ya sauka cikin shekaru. Wannan zanen nake fi so, don shi ne bugun zuciyar fili. In kuma a QGIS za ka yi da hannunka, ta Raster Calculator, to ka sani ɗanyen fayil na bayan Janairun 2022 an ƙara wa lambobinsa 1000. Ka cire ta daga kowace taga kafin lissafi, in ba haka ba koren zai fito ƙasa da gaskiyarsa.

Akwai tarko biyu da suke na Legas ne musamman. Na farko ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa, wadda mutanenmu ke haɗawa da kainuwa. A wajen Ikorodu takan rufe bakin ruwa ruf a ƙarshen shekara, har jiragen fasinja su kasa wucewa. Daga sama korenta ya fi na gonar da ta sha taki. Na taɓa zana ta a matsayin fadama mai kyau, sai da na buɗe hoton watan Maris na ga ruwa ne zalla. Maganinta ke nan: duk koren da yau yana nan, bayan wata biyu ya matsa ko ya ɓace ya bar baƙi, a kan ruwa yake. Na biyu tsohon kwano mai tsatsa. Rufin Agege da Mushin daga sama kamar jar ƙasa yake sak. Ka koma Google Earth ka leƙa kafin ka ba shi suna.

Ruwan da gajimare ke ɓoyewa

Lokacin da ka fi bukatar ganin fili, wato ranar da ruwa ya ci shi, shi ne lokacin da sama ke rufe. Nan Sentinel-1 ke shigowa. Shi rada yake amfani da ita, yana aika saƙo ƙasa ya saurari dawowarsa, gajimare da dare duk ba su dame shi ba. Yana nan a shafi guda. Ruwa kwantacce baƙi yake fitowa, gini fari ƙal, gona tsaka-tsaki. Ka ɗauki hoton Fabrairu ka jera da na ƙarshen Yuni da na Oktoba. Duk inda ya yi toka a rani ya koma baƙi a damina, ruwa na kwanciya a wurin. Da na yi wa tsohon filin kawu wannan gwaji, shekara bayan shekara baƙin yana dawowa, kusan a kan iyaka guda. Abu ɗaya za ka kiyaye: ruwan da ke ƙarƙashin itatuwa ba ya yin baƙi, wani lokaci ma haske yake ƙarawa.

Ƙasa ba ta nuna fuskarta kai tsaye

A nan nake so a yi haƙuri a bi ni sannu, don nan ne ake yawan yaudarar kai. Tauraro fatar ƙasa kawai yake gani, ita ma sai inda babu ciyawa. A Arewa bayan girbi gona tsirara take, kana iya bambanta jigawa da fadama daga launi. A Legas ƙasa ba ta cika zama tsirara ba. Don haka da alamu ake kama ta, kamar yadda maharbi ke bin sawu.

Alama ta farko launi, a ɗan inda ya buɗe a hoton rani. Fari mai ƙyalli rairayi ne, irin na gaɓar Badagry da Lekki: ruwa na zurarewa, taki ba ya zama, sai an yi ta ɗura masa kashin kaji. Ja ita ce ƙasar tudu ta wajen Ikeja, Agege da tudun Ikorodu, mai zurfi, ba ta riƙe ruwa a sama, amma takan yi tsami. Baƙi kuwa ko danshi ne ko ruɓaɓɓen ganye, hoto ba zai raba maka su ba.

Ta biyu tudu da kwari. Akwai taswirar tsayin ƙasa ta Copernicus da ta SRTM, duka masu ɗigon mita 30. Za su nuna maka inda ruwa ke gangarawa. Sai dai suna haɗawa da tsayin itace da gini, kuskurensu kuma kan kai 'yan mitoci, a garin da mita ɗaya ke raba mai girbi da mai asara. Ka ɗauke su a matsayin nuni kawai.

Ta uku, wadda na fi yarda da ita, tsiron da ya fito da kansa. Inda ka ga tukurwa ta yi daji, ruwan daɗi ne ke kwance a ƙasa kusan duk shekara. Inda kachala take, wadda mutanen Haɗeja da Nguru suka sani sarai, ruwa ba ya tafiya. Kwakwa a jere alamar yashi ce. Tofa ta mamaye fili, ƙasar ta gaji ko ana yawan cinna mata wuta. Sai itatuwan mangurof, masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, a bakin ruwan gishiri. Waɗannan ka bar su inda suke. Su ne ke tare zaizayar gaɓa, a cikinsu kifi ke ƙyanƙyasa, ƙasarsu kuma in aka janye mata ruwa ta sha iska takan koma tsami mai ƙona saiwa. Wanda ya sare su don lambu ya yi biyu babu.

Kana iya leƙa iSDAsoil, taswirar ƙasar Afirka mai ɗigon mita 30, ko SoilGrids mai mita 250. Ƙiyasi ne na kwamfuta, suna taimakawa wajen sanin abin da za ka yi tsammani, ba su isa a sayi taki a kansu ba.

Da waɗannan alamu ka raba filin gida-gida a QGIS, kashi uku ko huɗu sun isa. Ka ba su sunan da kai da leburorinka za ku gane: tudu, gangare, kwari, bakin ruwa.

Yanzu sai fartanya

A kowane kashi ka sa ɗigo biyar zuwa goma na wuraren da za ka je ka duba, ka tura taswirar cikin waya ta manhajar QField, ka sa takalmin roba ka fita. A kowane ɗigo ka rubuta abin da ya tsiro, ka ɗauki hoto, ka haƙa. Ka ɗebi ƙasa ka jiƙa ka murza tsakanin yatsu. In ta yi ƙaras-ƙaras ta ƙi dunƙuluwa, yashi ne. In ta dunƙule ta miƙe kamar igiya tana sheƙi, laka ce. A wuri ɗaya ko biyu cikin kowane kashi ka zurfafa ramin ya kai mita guda. Ƙasa mai launin toka da ɗigo-ɗigon tsatsa tana gaya maka ruwa na hawowa har nan ko da yau a bushe take. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko ɗigon rawaya kamar ƙwaiduwa a kusa da ruwan gishiri, wannan ita ce ƙasar tsamin da na ambata. Ka bar ramin ya kwana, da safe ka auna inda ruwa ya tsaya, ka ɗanɗana ko da gishiri.

Don gwaji, ka bi kowane kashi a karkace, ka ɗebo daga wuri 10 zuwa 15, daga sama zuwa zurfin santimita 20. Ka haɗa a bokiti mai tsabta, ka cakuɗa, ka ɗebi rabin kilo, ka shanya a inuwa, ka ƙulle a leda da sunan kashin. Kada ka haɗa ƙasar tudu da ta kwari a leda ɗaya, amsar da za ta fito ba ta kowa ba ce. Jami'o'i masu sashen noma da cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan suna da ɗakunan gwajin ƙasa. Ka nemi tsami, gishiri, da sinadaran taki. Idan filin na kusa da masana'anta ko babbar kwata, ka ce a duba dalma da makamantanta.

Kuma ka tsaya ka gaisa da mutanen wurin. Tsohon masunci zai nuna maka a jikin itace inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi yawa. Ka ɗauki lambar GPS ɗin itacen, ka auna tsayin alamar.

In aikin ya kai a ɗauko duron

Don ƙirga komaye, ko gano inda ruwa ke taruwa a cikin hekta ɗaya, sai jirgi maras matuƙi, wato duron. Daga tsayin mita 100 ɗigonsa kan zama santimita uku ko ƙasa da haka. Amma tashinsa na bukatar izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Agege a bakin filin jirgin Murtala Muhammed take, lambunan Ojo da yawa kuma a jikin bariki suke. A irin waɗannan wurare kada ma ka fara. Shawarata ku haɗa kuɗi a ƙungiyance ku ɗauko mai lasisi. Ku ce masa hotuna su hau juna da kashi 75 zuwa 80 a gaba, 65 zuwa 70 a gefe, ya tashi wajen tsakar rana da inuwa ta gajarta. Kafin ya tashi ku shimfiɗa alamu biyar, buhun da aka yi wa gicciye da fenti ya isa, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, a auna su da GPS mai kyau. Manhajar WebODM tana ɗinke hotunan su zama ɗaya. Kyamarar duron ta yau da kullum ba ta kama infirared, saboda haka in an ce za a ba ku NDVI, ku tambayi irin kyamarar.

Haɗa taswirar

Ka koma QGIS da abin da ƙafa ta gano, ka gyara iyakokin da ka zana tun farko. Za su motsa, kada ka ji komai. Ni nakan ɓoye kashi ɗaya cikin uku na ɗigogina, ba na duba su sai na gama, sannan na gwada taswirar da su. In takwas cikin goma sun dace, na yarda da ita. In ba su kai ba, na sake fita.

Ka fitar da takarda biyu, ta tsiro da ta ƙasa, kowace da alamar arewa, ma'aunin nisa, ranar hotunan, da bayanin launuka da Hausa. A kan ta ƙasa ka ja layi mai kauri a iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. Wannan taswira ta noma ce, ba takardar mallaka ba. In saye za ka yi, sai safiyo mai rajista, sai kuma ka je ofishin babban safiyon jiha a Alausa a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin.

Filin da kawu yake nomawa yanzu a wajen Ikorodu kashi uku muka raba shi. Tudun yana shuka shi duk shekara. Gangaren yana tsayawa da shi a ƙarshen Mayu. Kwarin kuwa ba ya taɓa shi sai Disamba, ya kwashe kafin ruwan Afrilu, injin ban-ruwa kuma yana kan dakalin bulo, taku ashirin sama da layin nan mai kauri. Takardar tana cikin leda a rataye a bukkarsa. Duk ƙarshen Nuwamba nakan buɗe sabon hoto, in layin ya matsa na kira shi mu sake ja.